Da ɗan gari akan ci gari

Ina da wani ƙane, ɗan baffana, da ke zaune a wani ƙauye a kudancin jihar Katsina, kuma na daɗe da lura cewa akwai zancen da ba ya yarda mu taɓa idan muna waya. Za mu gaisa, mu yi maganar damina da tsadar taki da lafiyar yara, amma da zarar na tambaye shi halin da suke ciki da mutanen daji, sai muryarsa ta yi ƙasa ya ce, "Yaya, a bar wannan sai mun haɗu." Da muka haɗu a wajen wani ɗaurin aure na tuna masa, sai ya ja ni gefe ya ce shi ba wayar yake tsoro ba, wanda ke tsaye kusa da shi a lokacin da yake magana shi ne abin tsoro. Ya ce a garinsu mutum zai sayar da shanu biyu ranar kasuwa, kafin asuba a buga masa ƙofa, a kira shi da sunansa na yanka, a faɗa masa adadin kuɗin da ya karɓa, har a tambaye shi ina 'yarsa da ta dawo hutu daga makaranta. Wanda ya fito daga daji cikin dare bai ga cinikin ba, kuma bai san ɗakin da ake kwana ba; wani ne da suka yi sallar la'asar a sahu ɗaya ya ba shi labari.

Tun daga ranar nake tunanin yadda muke yawan lissafin bindigogi da babura da motocin yaƙi idan ana zancen ta'addanci, alhali abin da ke riga bindiga isa gari shi ne labari. Duk ƙungiyar da ta daɗe tana kai hare-hare, ko Boko Haram ce ko ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga cikinta, ko 'yan bindigar da babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana a matsayin 'yan ta'adda a Nuwamban 2021, aiki biyu take yi a tare kafin ta harba harsashi ko ɗaya: tana neman sanin halin da abokin gaba yake ciki, tana kuma toshe duk wata kafa da abokin gaba zai san halin da take ciki. Na farkon shi ne leƙen asiri, na biyun kuwa tsare sirri da farautar masu kwarmato. A ganina na biyun ya fi na farkon ɓarna, domin shi ne ya fi cin rayukan talakawa, kuma shi ne ba a cika yin magana a kansa ba.

Wanda yake son ya fahimci wannan, ya koma Maiduguri bayan rikicin watan Yulin 2009, wanda ya ƙare da kisan shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda ranar 30 ga watan. A kwanakin da suka biyo baya, jami'an tsaro sun dogara ne da masu unguwanni da bulamai da lawanai wajen nuna musu gidajen almajiran Yusuf, tun da baƙon soja ba zai iya bambance su da sauran jama'a ba. Da ragowar ƙungiyar suka sake ɗaura ɗamara a 2010 ƙarƙashin Abubakar Shekau, ba bariki suka fara nufa ba. Mutum biyu a kan babur za su tsaya a ƙofar gida bayan magariba, su harbe ɗan sanda ko mai unguwa ko malamin da ya soki aƙidarsu a wa'azi, su ɓace cikin lungu. Haka aka kashe Sheikh Bashir Kashara a Oktoban 2010, haka kuma aka kashe Zakariyya Isa, ma'aikacin gidan talabijin na NTA, a Oktoban 2011, ƙungiyar ta fito ta ce ta kashe shi ne saboda yana yi wa jami'an tsaro leƙen asiri. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ramuwar gayya kawai, amma ni ina ganin ya wuce nan: makantar da gwamnati ake yi, ana cire mata idanu ɗaya bayan ɗaya. Kuma dabarar ta ci, domin an kai lokacin da mazauna birnin suka daina ambaton sunan ƙungiyar ko a cikin ɗakunansu, sai dai su ce "yaran nan". Kowa ya gane cewa baki shi ke yanka wuya.

Shirun nan ya haifi wata masifar. Rundunar haɗin gwiwa ta JTF da aka kai Maiduguri a 2011 ta iske birnin da ba mai gaya mata komai, saboda haka duk inda bam ya tashi sai a kewaye unguwa a kwashe samari, wani lokaci a ƙona shaguna da gidaje. Duk matashin da aka kama ba da laifinsa ba, danginsa sun ƙara nisa da hukuma, kuma ƙungiyar ta sami ƙarin duhun da za ta ɓuya a ciki ba tare da ta kashe ko sisi ba.

A ɓangaren neman labari kuwa, manyan hare-haren shekarun farko duk suna ɗauke da alamar cewa an zauna an yi nazari. An fasa gidan yarin Bauchi ranar 7 ga Satumban 2010, cikin azumi, dab da lokacin buɗa-baki, aka saki fursunoni sama da 700. Ranar 16 ga Yunin 2011, kwanaki kaɗan bayan Sufeto Janar na 'yan sanda Hafiz Ringim ya je Maiduguri ya ce kwanan ƙungiyar ya kusa ƙarewa, motar ɗan ƙunar baƙin wake ta bi ayarin motocinsa har cikin harabar hedikwatar 'yan sanda a Abuja, kuma ba don an karkatar da ita zuwa wurin ajiye motoci ba, da labarin ya sha bamban. A Kano, ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, an auka wa ofishin shiyya na 'yan sanda da wasu caji ofis da ofishin hukumar tsaro ta farin kaya (SSS ko DSS) da na shige da fice kusan a lokaci guda, mutum aƙalla 185 suka mutu. Ba a haɗa irin wannan daga nesa. Sai da mutanen da suka zauna a garin, suka yi haya, suka sayi kayan miya a kasuwa, maƙwabta suna gaishe su kullum. Cikin wannan watan ne Shugaba Goodluck Jonathan ya faɗa a bainar jama'a cewa ƙungiyar tana da magoya baya a cikin gwamnati da majalisa da ɓangaren shari'a da soja da 'yan sanda, kuma ba a yi mako biyu ba Kabiru Sokoto, wanda ake zargi da harin cocin Madalla na ranar Kirsimeti, ya kuɓuce daga hannun 'yan sanda a Abaji. An sake kama shi a Taraba bayan 'yan makonni, amma kujerar Ringim ta riga ta tafi.

Sai dai ya kamata a yi hattara, kada a ba su girman da ba su kai ba. Akwai wata al'ada a wurinmu ta mayar da duk nasarar maƙiyi wata hikima ta ban mamaki, alhali sau da yawa sakaci ne ya buɗe ƙofa. Wasu daga cikin 'yan matan Chibok da suka dawo sun ba da labarin cewa maharan da suka zo makarantar daren 14 ga Afrilun 2014 injin buga bulo da kayan abinci suka zo nema, kuma sai da suka iske ɗalibai ba mai gadinsu sannan suka yi ta gardama a tsakaninsu kan abin da za su yi da su. Abin da suka tanada tun daga gida shi ne kakin soja, wanda da shi suka yaudari yaran cewa sun zo ceton su, kamar yadda suka yi a Benisheikh a Satumban 2013, inda suka kafa shingen bincike na ƙarya a kan hanyar Maiduguri zuwa Damaturu suka hallaka matafiya sama da 140. A Dapchi kuwa, inda aka kwashe 'yan mata 110 ranar 19 ga Fabrairun 2018, gwamnan Yobe na lokacin, Ibrahim Gaidam, ya ce an janye sojoji daga garin kafin harin. Ba a buƙatar ƙwararren ɗan leƙen asiri kafin a san cewa sojoji sun tashi daga gari. Duk mai sayar da itace ya sani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Labarin wayar salula shi ya fi ba ni mamaki, domin ɓangarorin biyu duk sun ji tsoronta, kowanne a lokacinsa. A farkon 2012 kakakin ƙungiyar da ake kira Abul Qaqa ya gargaɗi kamfanonin sadarwa cewa suna taimaka wa jami'an tsaro wajen bin sawun 'yan ƙungiyar, kuma a Satumban shekarar aka bi turakun sadarwa a Borno da Yobe da Bauchi da Gombe da Kano ana ƙonawa. Bayan watanni takwas, da aka ayyana dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013, sai sojoji da kansu suka katse layukan waya a jihohin uku, don kada masu ba mayaƙan labari su riƙa sanar da su motsin dakaru. Matakin ya rikita su na ɗan lokaci, amma wayar da ɗan rahoto ke kiran daji da ita, ita ce kuma wadda mai gadin makaranta zai kira bariki da ita. Bayan kisan ɗalibai a makarantar sakandaren Mamudo a Yulin 2013, gwamnan Yobe ya roƙi a dawo da layukan, yana cewa mutanen da suka ga baƙin fuskoki ba su da hanyar kai rahoto. An maimaita wannan gwaji a Zamfara a Satumban 2021, daga baya wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu, tare da rufe kasuwannin mako da hana sayar da fetur a jarka, kuma ƙorafin da aka ji daga ƙauyuka bai bambanta da na Yobe ba.

Abin da ya fitar da Boko Haram daga cikin Maiduguri a tsakiyar 2013 ba jirgin yaƙi ba ne. Samarin unguwanni ne, 'yan kato da gora, waɗanda suka gaji da zama tsakanin harsashin ƙungiya da na soja, suka fara nuna 'yan ƙungiyar da yatsa. Gorarsu ba ta kai bindiga ba, amma sun san wane ne ɗan wane, sun san wanda ya ɓace wata uku ya dawo da kuɗi, sun san gidan da ake shiga da dare. Ƙungiyar ta gane nan take cewa wannan ilmin ya fi tankar yaƙi hatsari a gare ta, shi ya sa ta shelanta yaƙi a kan matasan birnin, kuma daga nan duk ƙauyen da ya kafa 'yan sa-kai ya zama abin hari. Yawancin kisan gillar da ya biyo baya a karkara, idan aka bi diddiginsa, hukunci ne a kan zargin kwarmato. A Faduma Kolomdi da ke yankin Gubio, inda aka kashe mutum 81 a Yunin 2020, rahotanni sun ce maharan sun zargi mutanen ƙauyen da ba jami'an tsaro labarinsu. A Koshebe, ranar 28 ga Nuwamban 2020, an yi wa manoman shinkafa 'yan Zabarmari yankan rago, aka yi jana'izar 43 a rana guda, kuma ɓangaren Shekau ya ce ya aikata hakan ne domin manoman sun kama wani ɗan ƙungiyar sun miƙa shi ga sojoji. Ba waɗanda aka yanka ake yi wa magana ba. Saƙon na sauran manoma da masunta da makiyayan yankin ne, cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A 2015 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta wallafa takardun da aka samu a gidan Haji Bakr, tsohon kanar a sashen leƙen asirin sojan saman Iraƙi zamanin Saddam Hussein, wanda ya tsara yadda ƙungiyar IS ta mamaye garuruwan arewacin Siriya. Tun kafin mayaƙa su iso, ana buɗe ofishin da'awa a gari, ana tattara labarin manyan gidaje da hanyoyin samun kuɗinsu da abin kunyar da za a iya riƙe su da shi. Wanda ya karanta labarin zai ga cewa tsarin ɗan sandan ciki ne na mulkin kama-karya aka naɗa wa rawani. A Somaliya, ƙungiyar al-Shabaab tana da sashen leƙen asiri na musamman mai suna Amniyat, kuma a Yulin 2019 wata makauniya da hukumomi suka ce ma'aikaciyar ofishin magajin garin Mogadishu ce ta tayar da bam a ɗakin taro, magajin garin, Abdirahman Omar Osman, ya rasu bayan kwanaki. Hatta hukumar CIA ta Amurka ta sha irin wannan a Khost ta Afganistan ranar 30 ga Disamban 2009, lokacin da wani likita ɗan Jodan da suke zaton ɗan rahotonsu ne a cikin al-Qa'ida ya tarwatsa kansa a tsakiyarsu, ya kashe ma'aikatansu bakwai.

Amma wannan makamin yana da baki biyu, kuma a nan ne nake ganin rauninsu yake. Ƙungiyar da ke rayuwa da zargi ba ta iya tsayar da zargin a bakin ƙofa. Shekau ya kai ga kashe kwamandojinsa a kan zato, kuma wannan yana cikin manyan tuhume-tuhumen da Mamman Nur da Abu Mus'ab al-Barnawi, ɗan Muhammad Yusuf, suka yi masa lokacin da ƙungiyar ta dare gida biyu a Agustan 2016. A wani faifan murya da ya fito a farkon 2017, Shekau da bakinsa ya amsa cewa shi ya kashe kakakinsa Abu Zinnira bisa zargin ƙulla masa makirci. Mamman Nur ɗin ma bai tsira ba, domin rahotanni sun ce mutanensa ne suka kashe shi a 2018. Shi kansa Shekau, wanda sojoji suka sha sanar da mutuwarsa yana sake fitowa a bidiyo, bai faɗa hannun gwamnati ba. Tsofaffin almajiransa na ISWAP, waɗanda suka san Sambisa kamar tafin hannunsu, su suka ritsa shi a Mayun 2021 har ya tayar da bam ɗin da ke jikinsa. Mugu shi ya san makwancin mugu. Dubban da suka miƙa wuya a watannin da suka biyo baya sun fito da ilmin da babu na'urar da za ta iya samo shi, kodayake jama'ar da aka ce su karɓe su suna da hujjar tambayar ko wasu daga cikinsu ba leƙe suka zo yi ba.

ISWAP ta ɗauki darasi daga kuskuren Shekau, kuma wannan ne ya sa ta fi shi hatsari. A tsibiran tafkin Chadi ta bar masunta da manoma da 'yan kasuwa suna sana'arsu tana karɓar haraji, a daidai lokacin da hukumomin Najeriya da na jihar Diffa a Nijar suka taƙaita cinikin kifi da tattasai don toshe mata hanyar kuɗi. Mutumin da abincin iyalinsa ya rataya a kan izinin shiga ruwa ba ya buƙatar a yi masa barazana kullum kafin ya yi shiru, kuma idan an tambaye shi abin da ya gani a hanyarsa daga Baga ko Monguno, da wuya ya ƙi amsawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, sau da yawa labarin yana isa ga hukuma, sai ya mutu a kan tebur. Ƙungiyar Amnesty International ta ce sojoji sun sami gargaɗin harin Chibok sa'o'i huɗu kafin ya auku, zargin da rundunar ta musanta. Ranar 5 ga Yulin 2022 ISWAP ta fasa gidan yarin Kuje, a gefen babban birnin ƙasa, fursunoni sama da 800 suka fice, cikinsu har da sama da 60 da ake tsare da su kan zargin ta'addanci. Washegari Shugaba Muhammadu Buhari ya ziyarci wurin ya ce tsarin tattara bayanan sirri ya ba shi kunya, daga baya kuma mataimakin kakakin majalisar wakilai na lokacin, Idris Wase, ya ce hukumar DSS ta aika rahotanni 44 kafin harin. Wani lokacin kuma labarin ne gurɓatacce, a aikata a kansa cikin gaggawa, kamar yadda ya faru a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Janairun 2017, inda jirgin yaƙin soja ya jefa bam bisa kuskure, da Tudun Biri a Disamban 2023, inda jirgin soja marar matuƙi ya hallaka masu taron Mauludi sama da 80. Talakan da ya yi kasadar kai rahoto yana kallon duk wannan. Yana kuma jin labarin wanda ya kai tsegumi ofis da safe, kafin dare mutanen daji sun kira shi a waya suna maimaita masa abin da ya faɗa, ko wanda ya nuna ɓarawo aka kama, bayan mako biyu ya gan shi a kasuwa.

Gwamnatoci sun gane matsalar infoma, shi ya sa Zamfara ta kafa doka a Yunin 2022 da ta tanadi hukuncin kisa ga mai ba 'yan bindiga bayanai. Sai dai kalmar infoma ta zama wuƙa a hannun kowa. Wanda ke rikicin gona da maƙwabcinsa, ko wanda aka kasa a neman aure, yana iya raɗa wa 'yan sa-kai suna, kuma an sha kashe mutane a kasuwa, musamman Fulani makiyaya, ba tare da wani alƙali ya ji ta bakinsu ba. Danginsu kuma daji suke komawa da ɗaci a zuciya da cikakken sanin garin da suka baro. A cikin masu ba da labarin ma ba duka ne 'yan kwaɗayi ba: akwai mai kai burodi da fetur don riba, akwai yaron da aka saya da kuɗin ƙwaya, akwai kuma matar da mijinta ke ɗaure a daji aka ce ta faɗi wanda ke da kuɗi a unguwa ko a aiko mata da gawa.

Na tambayi ƙanen nawa ko sun san wanda ke kai labarin garinsu. Ya yi shiru, ya dubi mutanen da ke zaune a kan tabarmi suna jiran a kawo goro, sannan ya ce kowa ya sani, har limami da mai gari. Na ce to me ya hana a kai ƙara? Ya ce, "Yaya, ofishin 'yan sanda mafi kusa da mu tafiyar awa guda ce a kan babur, su kuwa daga bakin rafi suke fitowa." Daga nan aka kira shi ya je ya karɓi waliccin amarya, ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.